Ranar da gwamnati ta ci ragon Inna

Har yau idan aka soya naman rago da man shanu a gidana, fita nake yi in zauna ƙofar gida sai ƙamshin ya lafa. Ƴaƴana sun ɗauka ciki ne ke damuna, ni ma na bar su a haka. Ba ciki ba ne. Haushi ne, kuma ya girme su duka.

A shekarar da na gama kolej a Tasawa, damina ta ƙi a jere. Ƙauyenmu yana gefen Korgom, kuma rabin mutanensa sun watse, wasu sun yi kudu, wasu sun tare a bakin birane suna jiran motar taimako. Waɗanda suka rage anza suke ci, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita, sai dusa, sai garin rogo in an samu. Soja ke mulki lokacin. Magana ba ta yi wa kowa yawa a baki, ko a gindin bishiya mutum sai ya waiga kafin ya ce yunwa yake ji.

Ni kuwa kaina na ja. Ba yabon kai ba ne, abin da ya faru ke nan: da aka yi jarrabawar birbe ta gama kolej, ina cikin na gaba-gaba a yankinmu duka. Malaminmu na lissafi, wanda muke kira Mushe, wani dogo mai tari, ya fi ni murna. Shi ne ya zaunar da ni a inuwar aji muka dinga lalube, makaranta bayan makaranta, muna neman wadda ɗan talaka zai iya shiga ya ci gaba. Makarantun kuɗi na birni ko kallonsu ba mu yi ba. Ta horon malamai tana ciyar da ɗalibanta, amma aka ce shekaruna ba su kai ba. Akwai ta noma can yamma mai nisa, ita kuma ta cika tun kafin labarinta ya iso mana. Har tsallaka iyaka muka yi tunani, sai Mushe ya ce can da wani Turancin suke karatu, sai na koma baya na fara daga tushe. Abin da ya rage shi ne lise, makarantar gaba da kolej, a Maradi, inda ake ba wanda ya yi fice burs, wato gwamnati ta ɗauki nauyinsa: gado, abinci, littattafai, har sabulun wanki.

Sai dai a wannan shekara an raba burs ɗin gida biyu, wai aljihun gwamnati ya yi sanyi. Ƙoƙarinka shi ke ba ka kujera a aji. Gado da abinci kuwa sai wanda ubansa ba shi da hali. Wanda aka ga gidansu da abin hannu, rabi za a ba shi, ya nemi wurin kwana da na ci da kansa. Don haka za a turo mutum gida-gida ya gani da idonsa. Mushe ya yi dariya har tarinsa ya tashi, ya ce, "Kai ai ka haye. In ya ga gidanku, shi ma sai ya ba ka sadaka."

Mushe ya san lissafi, amma bai san Baba ba.

Ubana manomi ne, ɗan manomi, daga gidan da a da ake cewa baƙo ba ya wuce shi da ƙishirwa. Yana da babban rumbu a tsakar gida, wanda ya liƙe bakinsa da laka tun shekarar da hatsi ya fara ƙi. A wajenmu rumbun da aka liƙe ajiya ce ta shekaru, ba mai tambayar abin da ke ciki. Mu ƴan gida mun san ko ɓera ya daina shiga, don babu abin da zai tarar. Amma duk bayan ƴan watanni sai Baba ya kwaɓa sabuwar laka ya shafe inda ya tsage, yana yi yana gyaran murya yadda maƙwabta za su ji. Da aka fara rabon jar dawa ta taimako bai taɓa shiga layi ba. Kawuna ne ke karɓowa ya miƙo wa Inna ta kan danga, Baba ya ci tuwon bai tambayi inda ya fito ba.

Saƙon da ya isa ƙauye ta bakin mai gari gajere ne: gwamnati za ta aiko mutum ya duba gidan, kafin a ɗauki yaron. To, a wajenmu wa ke zuwa duba gida kafin ya ɗauki ɗanka? Mai neman aure ne, ko malamin da za a ba riƙo, ko fatken da zai tafi da yaro ya koya masa ciniki. Dukansu abu ɗaya suke so su sani: ɗan gidan mutunci ne, ko ɗan gidan da zai ɗauke maka kaya saboda yunwa? Haka Baba ya fahimta, haka mai gari ya fahimta, haka duk unguwa ta fahimta. Ba wanda ya taɓa jin inda ake zuwa ganin tsiyarka don a ba ka lada a kanta.

Ranar da aka sa, na taso daga Tasawa a amalanken wani mai kai itace, na iso da hantsi. Tun daga bayan gari na ji abin da na daɗe ban ji ba a ƙauyenmu, ƙarar daka, har da lugude. Da na shiga gida sai na tsaya, na ɗauka ɓatan kai na yi. Ga shanu biyu ɗaure a turken da ya shekara babu komai. Ga raƙumi a durƙushe yana tuƙa. Na gane su, na maƙwabcinmu Buzu ne, su ke nan suka rage masa cikin garken da fari ya cinye. Ga awakin unguwa an tattaro. A jikin rumbu an jera dammunan hatsi, kuma da na matsa na gane abin da suke: iri ne, wanda kowane gida ya ɓoye don shuka, wanda ko ɗansu na kuka ba sa taɓawa. Kowa ya fito da nasa don a rufa wa Baba asiri. Matan da ke daka kuwa ƙaiƙayi ne a turamensu. An shimfiɗa dardumar mai gari, an kafa kujerarsa, an jera kwanonin aro suna ƙyalli. Baba yana tsaye cikin babbar rigar wansa, wadda ta yi masa yawa.

Sannan na ji ƙamshin.

Inna tana da rago guda. Da bakinta ta hana kanta don shi, tana tsinto masa ƴaƴan gawo, tana ba shi ruwan wankin kwano. Ta sha gaya mini cewa ranar da zan tafi birni za a sayar da shi a saya mini akwati da takalmi, a biya mota. Na same ta a murhu tana juya shi a tukunya, idonta ja, ta ce hayaƙi ne.

Na ce, "Inna, me ke nan kuka yi?"

Ta ce, "An zo ganin gidanku. So kake a gan mu tsirara?"

Na nufi Baba. Ban saba tsayawa a gabansa in yi magana ba, amma ranar na yi. Na durƙusa na ce, "Baba, mutumin nan talauci ya zo gani. In ya ga muna da shi, ba za su ba ni gado da abinci ba."

Ya dube ni kamar na zo masa da maganar mahaukata. Ya ce, "Wane irin mutum ne zai ga gidan tsiya ya ce a ba shi ɗan? Karatun naka bai kai ka koya mini karɓar baƙo ba. Tashi ka wanke ƙafarka."

Kafin in sake buɗe baki sai ga ƙarar moto, wato babur.

Saurayi ne cikin kaki, siriri, leɓensa a bushe. Daga ganin yadda ya kalli kwanon na san shi ma ba ƙoshi yake yi ba. Aka zaunar da shi a kujera, aka kawo ruwa, aka kawo fura wadda ban san inda aka samo hatsinta ba, aka kawo naman. Ya ci, wallahi ya ci, har yana tsotsar ƙashi. Dattawa suna zagaye da shi suna ta sannu da hanya. Da ya wanke hannu sai ya fara tambaya.

"Shanun nan na wa ne?"

Baba ya ce, "Na Allah ne, ranka ya daɗe. Mu dai kiwo muke yi."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san haka mai dukiya ke amsawa. Mutumin ya gyaɗa kai ya rubuta.

"Rumbun fa? Zai kai ku damina?"

"Alhamdu lillahi. Asirinmu a rufe yake."

Maƙwabcinmu Buzu, Allah ya jiƙansa, ya gyara rawani ya ƙara da cewa tun kakanni ba a taɓa ganin mai gidan nan ya miƙa hannu ba, ko layin taimako bai san inda ake yi ba. Ya faɗa da zuciya ɗaya, yana ganin gata yake yi mini.

Na kasa daurewa. Daga inda nake tsugune a bakin darduma na ce wa mai kakin da Faransanci, "Mushe, ba namu ba ne." Baba ba ya jin Faransanci, amma ya ji muryar. Baffana ya damƙe mini wuyan hannu har sai da na ji ƙashi, ya ce a hankali, "Manya na magana." Mai kakin ya dube ni, ya dubi kwanon da ya share, ya dubi dattawan. Na tabbata ya gane. Ya amsa mini da Faransanci, ba tare da ya ɗago ba, ya ce shi abin da ya gani yake rubutawa.

Da zai tafi aka ɗaura masa cinyar ragon a bayan moto. Bai ƙi ba.

Ƙurarsa ba ta gama kwantawa ba kowa ya fara kwasar nasa. Buzu ya kwance shanunsa ya ta da raƙumi, mata suka ɗauke dammunan irinsu suna duba ko an zare zangarniya, yaron mai gari ya naɗe darduma. Kafin la'asar gidanmu ya koma yadda na san shi, sai kashin shanu a turke. Mutane na fita suna cewa, "An fita kunya, an fita kunya." Baba ya tuɓe rigar wansa ya ninke, fuskarsa na walƙiya. Na daɗe ban ga ya yi farin ciki haka ba, kuma na tsani farin cikin nan.

Sakamako ya fito kamar yadda na zata: rabin burs. Kujera da littattafai, babu gado, babu abinci. Mushe ya cire tabarau ya ce, "Rago? A wannan shekara?" Sai tari ya kama shi.

Muka koma lalube, wannan karon ba makaranta muke nema ba, mai masauki muke nema a Maradi. Akwai wani ɗan uwan Inna a can. Na je, ya buɗe mini ƙofar zaurensa ya ce in duba da kaina: mutanen ƙauye ne kwance kai da ƙafa, waɗanda yunwa ta koro. Ya ce in na ga inda zan sa haƙarƙarina, bismilla. Wani mai shago ya ce zai riƙe ni in zan yini ina tura masa ruwa a kura, karatun kuma in yi shi lokacin da na samu. Mushe ya rubuta wa abokansa, kowa ya amsa cewa gidansa ya cika. Ban ga laifinsu ba. A shekarar nan baki ɗaya da aka ƙara a gida kamar an ƙara goma ne.

Na dawo ƙauye raina a ɓace, na sami Baba yana gyaran hauya. Na gaya masa komai, ban rage ba, ban sassauta ba. Na ce ragon Inna da shanun aro su suka cinye gadona. Na ce da ya bar gidan yadda Allah ya bar shi, da yanzu ina ɗaure kaya. Na jira mari. Bai mare ni ba. Ya ci gaba da buga ƙotar a ƙasa, can ya ce, "Wato da gaske tsiyar suke so su gani."

Washegari ya tashe ni da sassafe. Ya sa rigarsa ta gona, mai faci a kafaɗa, wadda ba ya yarda ko masallaci ya je da ita. Ya ce in kai shi inda ake maganar.

Mun yi zaman jira a bakin biro ɗin, wato ofishin, har rana ta take. Da aka shigar da mu, wani babba ne cikin kaki a bayan tebur, hularsa a gefe. Baba ya cire takalmi ya durƙusa. Ni ina tsaye a bayansa ina kallon ƙeyarsa, na ga jijiyar wuyansa tana motsi. Sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna.

"Ranka ya daɗe, ba ni da komai. Shanun na maƙwabci ne. Hatsin da aka gani irin mutane ne. Rumbun wofi ne, ya daɗe wofi. Dawar taimako muke ci, surukina ke karɓo mana. Ragon ma na uwar yaron ne, kuma shi ke nan. Ku zo ku fasa rumbun ku gani."

Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma kowace kalma sai da ya ja ta kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

Mutumin ya saurare shi har ƙarshe. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya jingina da kujera ya ce, "Tsoho, ka san abin da kake faɗa? Kana gaya mini ka yaudari manzon gwamnati, kuma ka ɗaura masa nama a moto. In na ɗauki maganar nan, yau ba gida za ka kwana ba. Wanda ya je gidanka zai rasa aikinsa. Mai garinku da ya ba da darduma sai ya zo ya yi bayani. Yaron kuma ko rabin da ya samu sai an karɓe. To, ban ji da kyau ba, sake faɗa mini. Kana da hali, ko ba ka da shi?"

Baba ya waigo ya dube ni. Ban san abin da ya nema a fuskata ba, ban kuma san abin da ya gani ba. Ya mai da kansa ya ce, "Ina da shi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Sai ka ciyar da ɗanka."

Da muka isa gida ko ruwa bai sha ba, ya ɗauki gatari ya nufi rumbu. Ya dinga saran lakar da ya shekara yana shafawa har bakin ya buɗe, ƙura ta fito, da warin wuri da aka daɗe ba a buɗe ba. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Ba wanda ya yi mamaki, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai: ashe kowa ya sani. Sun sani tun farko, shi ya sa suka kawo irinsu. Duk unguwar ta haɗu ta taya shi ɓoye abin da ba a ɓoye yake ba, ga mutum guda tak da ya kamata ya gani.

Na je Maradi duk da haka, don taurin kai. Da rana ina aji, da yamma ina dako a tasha, in kwana a rumfar masu shayi. Ta taga ina hango ɗakin kwanan ɗalibai, ina jin ƙararrawar cin abinci. Waɗansu da ke amsa ta na fi su maki nesa ba kusa ba, kuma na san iyayen wasu da shanunsu na gaske, sai dai su sun san ranar da ake kora shanu daji. Da sanyi ya shigo ƙirjina ya kama, na fara barci a aji, maki ya zube. Ba wanda ya kore ni. Wata safiya ce kawai na kasa tashi, wani direban ƙasarmu ya ɗauko ni a bayan mota kan buhuna. Daga nan ban sake zama a aji ba. Na yi awon hatsi a kasuwar Mayahi, na yi aikin rubuta wa mutane wasiƙa, daga baya na koyi ɗinki, da shi na rayu.

An sha ce mini in yi haƙuri, rabo ne. Na yi haƙurin, tunda ba ni da wani abin yi, amma ban taɓa daina jin haushi ba. Matsalar ita ce ban san wa zan ɗora wa ba. Mai moto yunwa yake ji. Buzu ƙauna ce ta sa shi. Inna ta fi ni asara. Baba kuwa na gan shi a durƙushe cikin rigar faci, kuma bayan wannan ban iya riƙe shi a zuciya yadda nake so ba. Bai sake liƙe rumbun nan ba har ya bar duniya, ko a shekarun da hatsi ya yi. Bai kuma sake tambayata komai game da karatu ba. In na ɗauki takarda a gabansa, sai ya tashi ya ce zai duba gona.

Ranar da aka yi sadakar bakwai ɗinsa, wata tsohuwa daga cikin matan da suka yi dakan ƙaiƙayi ta kama hannuna a zaure. Idonta ya tafi, amma ta gane muryata. Ta ce, "Ɗana, ubanka mutum ne. A shekarar da kowa ke cin anza, shi ya yanka wa gwamnati rago. Har yau ana faɗa."

A cikin gida mata sun ɗora tukunya, ƙamshin ya fara fitowa. Na ce, "Haka ne, Iya, ana faɗa." Na zare hannuna na fita waje.